Dinya, Kirinjijiya da Masu Share Fadama

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron Ranar Fadamu ta Duniya, wanda ya haɗa mafarauta, masunta, manoman shinkafa da ɗalibai a yankin fadamar Haɗeja da Nguru. An rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Sarkin Baka, Sarkin Ruwa, bulamai da masu unguwanni, malamaina, iyayena mata da ke can baya, da ku 'yan makaranta da aka ɗebo aka cika mana kujeru, barkanmu da warhaka.

Na lura mutanen Sarkin Baka sun shigo fuska a ɗaure, sun zaci kotu aka kira su. Ku saki jiki. Ban zo in ce farauta haramun ce ba, ga malamai nan zaune, da na faɗa za su tsayar da ni. Abin da muka karanta a zaure shi ne farauta don ci ko don neman abin rufin asiri halal ce, wadda aka karhanta ita ce ta wasa kawai. Maganata a yau a kan wani mutum ne daban, wanda ke fakewa a bayanku. Akwai maharbi, akwai mai share fadama. Maharbi ya ɗaura burtu a goshi, ya yi rarrafe rabin yini, ya dawo da dinya ɗaya ko biyu. Mai share fadama kuwa ba ya rarrafe, ba ya ma jiƙa wando, amma da safe buhu yake cikawa. Kuma babu wani ma'aikaci daga Abuja ko Damaturu ko Dutse da zai iya tsayar da shi idan ku da kuke ganinsa kuka yi shiru.

Mu fara da sanin su wa ake kashewa. Tsuntsayen da ke kan ruwan nan kashi biyu ne. Akwai 'yan gida: dinya mai tsini a gaɓar fiffike, wadda duk yaron da ya taɓa riƙe ta da rai ya san zafin dukanta, kirinjijiya mai farar fuska da ke wucewa da dare tana fito, zalɓe, balbela, kazar ruwa. Waɗannan a ƙasashenmu suke yin ƙwai. Sai kuma baƙi, masu zuwa idan ruwa ya ɗauke, wajen Oktoba, su tashi wajen Maris. A cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira gargani, namijin yana da farin zane a saman ido. Da ƙyar nauyinta ke kai rabin kilo. A Rasha da Yukiren da Folan take ƙyanƙyasa, ta ƙetare Bahar Rum, ta ƙetare Sahara, tafiyar da ta haura kilomita 4,000, ta sauka nan ta ci 'ya'yan bado da na ciyawa. A duk faɗin Sahel, manyan masaukanta uku ne: bakin kogin Senegal, fadamar kogin Neja da ke tsakiyar Mali, da yankin Tafkin Chadi, wanda fadamarmu ke cikinsa. Idan kun taɓa samun zoben ƙarfe mai lamba a ƙafar tsuntsu, ba layar kowa ba ce, ba kuma na'urar leƙen asiri ba. Wani mai bincike ne a wata ƙasa ya saka don a san hanyar da tsuntsun ke bi. Ku kwafe lambar ku ba ma'aikatan gandun daji.

Saboda waɗannan baƙi ne duniya ta san sunan garuruwanmu. A 1971, ranar 2 ga Fabrairu, aka sa hannu kan yarjejeniyar kare fadamu a garin Ramsar na Iran, shi ya sa muke taruwa a irin wannan rana. Wuri na farko da Najeriya ta shigar cikin rajistar fadamun wannan yarjejeniya shi ne tafkin Nguru da mashigar Marma, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara Dagona ta ƙasar Bade da Baturiya ta Kirikasamma. Dagona kuwa tana cikin Gandun Dajin Ƙasa na yankin Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, kuma tun kafin nan, a 1989, mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya tako har can don ya ga tsuntsaye. Akwai dattawa a ɗakin nan da suka ga jerin motocin.

To amma ruwan da ya gani ba shi ne na yau ba. A ƙarshen shekarun 1960 ambaliyar damina takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a fadamar nan. Aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka gama na Challawa a 1992, suka tare ruwan da ke gangarowa fadamar, ga fari na shekarun 1970 da 1980. A farkon shekarun 1990 abin da ke jiƙewa bai kai 1,000 ba. Sannan doguwar ciyawar ruwan nan, kachalla, ta zo ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wurin noma da wurin su, kun fi ni sanin wannan. Me ya haɗa wannan da farauta? Idan ruwa ya ragu, tsuntsayen ba sa samun labari tun suna Turai, haka za su zo da yawansu su cunkushe a 'yan tabkunan da suka saura. A Mali, inda ake kama su da raga a kai kasuwar Mopti, masu bincike sun lura cewa shekarar da ambaliya ta yi ƙaranci ita ce shekarar da aka fi kama su. Wato lokacin da tsuntsu ya fi wahala, lokacin ne mai raga ya fi cin kasuwa, shi kuma ya ɗauka tsuntsaye sun ƙaru ne.

Yanzu bari in zo kan hanyoyin, in fara da mafi muni, wato guba.

Na taɓa isa wata gaɓa da sassafe, ba zan faɗi sunan wurin ba, don mutanen garin ba su suka yi ba. Tun daga nesa abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba su tashi ba. Kirinjijiya da ko inuwarka ta hango sai ta watse, ga su nan a bakin ruwa. Da na matso sai na ga wasu sun riga sun mimmiƙe, wasu suna tafiya suna tangaɗi, fiffike na ja a taɓo, wuya ya ƙi tsayuwa, yawu na zuba daga baki. Wata tana ta juyawa wuri ɗaya. A kan laka ga shanshera an watsa, launinta ya sauya. Can gefe kuma, ƙarƙashin wata giyayya, ga tulin hanji da ƙundu da kudaje suka rufe: wanda ya yi aikin ya riga ya kwashe na farko tun da asuba, ya fede su nan take, ya zubar da kayan ciki. Ba don tsabta ya yi haka ba. Ya san a ciki gubar take, kuma ya san idan mai saye ya buɗe zai gane. Kusa da tulin ga shirwa ɗaya a mace.

Wannan shi ne aikin maganin ƙwari irin su karbofuran, mai 'yan ƙananan ƙwayoyi, wanda ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kashe ƙaramin tsuntsu. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2008. A gonakin shinkafa na Bunyala, a yammacin Kenya, an bi diddigin wannan sana'a an rubuta ta dalla-dalla, har da yadda naman ke shiga gidaje. Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin kafin a fara yi wa tsuntsu an daɗe ana yi wa kifi da maganin ƙwarin nan gamalin. Guba ba ta zaɓe. Ta kashe agwagwa, ta kashe karen da ya ci hanjin, ta kashe ungulu, ta koma ruwan da shanun Fulani ke sha, wanda kuma matanmu ke ɗiba. Naman kuma ina ya tafi? An fige, an soya, an barbaɗa yaji, yana kan faranti a tasha. Yaro ya ci, da dare ya kama amai da gumi da ciwon kai, ido ya dushe, a ce mayu ne ko shawara. Malamai kuma ku taimaka mana da wannan a kan mumbari: abin da guba ta kashe ba a yanka ba, mushe ne. Wanda ya sayar maka da shi mushe ya ciyar da iyalinka, ko da ya shafa masa wuƙa a wuya bayan rai ya fita.

Iyayena mata, ku ne masu saye, ga alama. Tsuntsun da aka harba yana da raunin harsashi. Idan aka kawo miki tuli guda, iri daban-daban, manya da ƙanana, duk an fede, babu rauni ko ɗaya a jiki, kuma da arha, ki ce Allah ya kawo kasuwa ki wuce. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sai raga. Tsohon kalli na roba, wato ragar kamun kifi, da ya gama aiki a ruwa, a kafa sanduna a ɗaure shi sama da ruwa marar zurfi. Agwagi da dare suke kiwo, su taso ƙasa-ƙasa cikin duhu su faɗa. Wanda aka kwance da safe ya tafi kasuwa, wanda bai kai a ci ba a bar shi a rataye ya bushe. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne idan kaka ta wuce ba a ma cire ragar, tana nan tana kisa ba mai amfana. Akwai masu shiga makwancin tsuntsaye da tocila mai ƙarfi, haske ya ɗauke musu ido, a bi su da sanda. Akwai masu jiran lokacin da dinya ta zubar da gashin fiffike, domin agwagi da dinya gaba ɗaya suke zubar da dogayen gashin a lokaci guda, su yi makonni ba sa iya tashi, sai a zagaye su da kwale-kwale. Akwai yara masu kwashe ƙwai da 'yan tsaki da damina. A kan wannan akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito: sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana kaɗa fiffike a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wa ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta.

Wanda ke ganin duk wannan tsoratarwa ce kawai, ina gauraka? Ku 'yan makaranta, wa ya taɓa ganin gauraka a daji, ba a hoto ba, ba a gidan wani mai kuɗi ba? Babu hannu ko ɗaya. Sarkin Baka yana girgiza kai, don shi ya ga lokacin da suke sauka garke-garke suna rawa a fadamar nan. Ita ce ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Najeriya, amma yau da ƙyar ake ganin ta a ƙasar. Ba cin ta aka yi har ta ƙare ba. Kama ta aka riƙa yi da rai, ana sayar wa masu son ado a tsakar gida da masu fitarwa waje, ga kuma wuraren ƙwanta da suka bushe. Tsuntsuwa ce da ba ta yin 'ya'ya da yawa, idan aka ɗauke manya babu mai maye gurbi. A gaban idon kowa aka yi, a kan babura da a bayan motoci, kowa yana cewa ba ruwansa.

Akwai abu ɗaya da ya shafi har maharbi na gaskiya, shi ne dalma. Duk harbi ɗaya da harsashin 'yan ƙwayoyi, kaɗan ne ke samun tsuntsu, sauran ɗaruruwa su zube cikin taɓo. Agwagwa ba ta da haƙori, tsakuwa take haɗiya ƙundunta ya niƙa abinci da ita. Sai ta tsinci ƙwayar dalma a zaton tsakuwa ce, ƙundu ya niƙe ta, ta shiga jini. Ɗaya ko biyu sun isa. Ba nan take za ta mutu ba, za ta rame, ta kasa tashi, ta shige cikin kachalla ta mutu inda ba mai gani. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani kan dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, ta kashe yara fiye da 400. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin dalma a 1991, Tarayyar Turai ta hana shi a fadamunta daga Fabrairun 2023.

Kada kuma wani ya tashi daga nan da tunanin mu kaɗai ne masu laifi. A 2015 ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife ta ƙiyasta cewa ana kashe tsuntsaye kusan miliyan 25 duk shekara ba bisa ƙa'ida ba a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum, Masar da Italiya ne a gaba, kowacce fiye da miliyan 5. Idan Bature ya zo yi mana wa'azi, muna da abin da za mu tuna masa. Amma laifin wani ba ya wanke namu.

Abin da na fi so ku ɗauka daga waje shi ne labarin Amurka, don su ma sun taɓa share nasu fadamun. A ƙarni na 19 akwai masu harbi don kasuwa da ke girka wata ƙatuwar bindiga a kan kwale-kwale, harbi ɗaya agwagi gommai, a loda a jirgin ƙasa zuwa otal-otal na birane. Da abin ya kusa ƙarewa suka farka. A 1900 suka haramta ƙetare iyakar jiha da naman da aka samu ta haramtacciyar hanya. A 1918 suka yi dokar kare tsuntsaye masu ƙaura, ta kashe cinikin. A 1934 suka ce duk maharbin agwagi sai ya sayi wani kan sarki na musamman kowace shekara, kuɗin kuma a sayi fadamu a killace. A 1935 suka hana watsa hatsi don jawo tsuntsu, suka hana ɗaure agwagwa mai rai a matsayin tarko, suka ce bindiga kada ta ɗauki fiye da harsashi 3. Akwai kakar farauta, akwai lokacin fara harbi da na dainawa, akwai adadin da mutum zai ɗauka a rana. Ba su hana farauta ba, har gobe suna yi. Kuma da yawa daga masu matsa wa gwamnati ta yi dokokin nan mafarauta ne. Daga baya jihohi suka buɗe layukan waya na kai rahoto, inda ba a tambayar sunanka, lamba ake ba ka, idan rahotonka ya kai ga kama mai laifi a ba ka tukwici da lambar nan. Dalilinsu shi ne namu: ma'aikaci ɗaya ba zai iya tsare daji mai faɗin ƙaramar hukuma ba.

Mu doka muke da ita har ta yi yawa. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada suka yi wa kwaskwarima. Akwai dokar 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda tararta ta farko naira 1,000 ce, aka bar ta haka har 2016 kafin a ɗaga. Akwai dokar hukumar gandun dajin ƙasa ta 1999, wadda ta hana shiga wuri irin Dagona da bindiga ko tarko ko guba ba da izini ba, ta kuma ba masu gadin gandun ikon kamu. Akwai hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007. Ko bindigar gargajiya doka ta ce sai da lasisi. 'Yan'uwanmu na Nijar, da muke shan kogin Komadugu ɗaya da su, suna da dokar farauta ta 1998, kuma ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura da aka ƙulla a Holan a 1995. Takarda ba ta yi ƙaranci ba. Ido ne da baki suka yi ƙaranci.

Na san abin da ke hana mutane magana, don ni ma ɗan ƙauye ne. Wanda ya watsa gubar ɗan wane ne, ko surukin wane ne, za a haɗu a masallaci, za a haɗu a wurin suna. Kuma tun muna yara an koya mana cewa mai kai ƙara munafuki ne. To annamimi shi ne mai ɗaukar magana don ya haɗa mutane faɗa. Wanda ya ga ana zuba guba a ruwan da jama'a ke sha ya faɗa, shaida ya bayar, kuma Alƙur'ani cewa ya yi kada ku ɓoye shaida. Ban da haka, mu muka fi kowa sanin yadda ake tsare tsuntsu ba tare da ɗan sanda ba. Shamuwa tana sheƙa a kan bishiyar ƙofar gida, a tsakiyar gari, ƙasa-ƙasa. Wa ke harbin ta? Yaron da ya ɗaga mata danƙo, kafin ya isa gida labari ya riga shi, kuma wadda ta kai labarin ba wanda ya ce mata munafuka. Gari ne ya yarda cewa shamuwa ba ta taɓuwa, shi ke nan. Abin da nake roƙo shi ne a shimfiɗa wa na cikin fadama irin wannan rigar.

Sai dai kai rahoto ma yana da yadda ake yi. Yawancin abin da ke isa ofis ba shi da amfani: "Ana kashe tsuntsaye a wajenmu." Wa, a ina, yaushe, da me? Ma'aikaci ba zai ƙona mai a kan wannan ba. Ka riƙe rana da lokaci, ka riƙe sunan tabkin da gaɓar da abin ya faru, mutum nawa ne, raga ce ko guba ko tocila, a kan me suka zo, lambar babur ko mota idan ka gani, ta ina suka fita, wace ranar kasuwa suke kai kaya. Wannan na ƙarshen ya fi komai daraja, domin mai wannan sana'a yana da al'ada, kuma dillalin da ke saye buhu-buhu ya fi yaron da ke cikin taɓo muhimmanci. Idan kana da waya ka ɗauki hoto daga nesa, ka bar shi yadda yake a wayar. Kada ka tunkari mutum mai bindiga a daji, ba aikinka ba ne, kuma zamanin da muke ciki ba kowane mai bindiga ne maharbi ba. Kada ka taɓa matattun tsuntsaye da hannu, ka kori yara da karnuka da dabbobi daga wurin. Ba lallai ma guba ce ba: murar tsuntsaye nau'in H5N1 an fara tabbatar da ita a Afirka ne a nan Najeriya, a wata gonar kaji kusa da Jaji, a Fabrairun 2006, kuma shekara guda bayan nan ta kashe mutum a Legas. Don haka duk inda ka ga tsuntsaye sun mutu da yawa, likitan dabbobi na ƙaramar hukuma yana cikin waɗanda za su fara ji.

Ku kuma samari, don Allah, kada Facebook ya zama ofishin farko. Ka saka fuskar mutum, ka rubuta sunan garinsu, kafin ma'aikaci ya ɗaura takalmi an kwashe raga an share wuri, kai kuma ka sayi gaba, wataƙila ma wanda ka nuna ba shi ne ba. Ka fara da bulama ko mai unguwa da Sarkin Baka. Idan cikin gandun ƙasa ne, ka gaya wa masu gadin gandun. Idan wajensa ne, malamin daji na ƙaramar hukuma ko sashen namun daji na ma'aikatar muhalli ta jiha. Idan kaya ne za a ƙetare iyaka da su, kwastam. Idan akwai barazana ga rai, 'yan sanda ko lambar gaggawa 112. Ka rubuta sunan wanda ka gaya wa da ranar, bayan mako guda ka koma ka tambaya ina aka kwana. Rahoton da aka san mai shi zai dawo, shi ake fara dubawa.

Na ga mai kula da lokaci yana nuna mini agogo. Ranka ya daɗe, da izininka a karɓi tambaya biyu.

(Wani manomi ya ce tsuntsayen suna cinye masa shinkafa, ya tambayi wa zai biya shi.)

Baba, gaskiyarka, kuma ba zan rufe ka da daɗin baki ba. Kirinjijiya tana cin iri idan an watsa, dinya ma tana shiga gona. Amma ka tuna da kyau, wanda ya fi yi maka ɓarna idan shinkafa ta fitar da kai tsuntsun jan baki ne, kuma shi gubar da aka watsa a gaɓa ba ta rage shi da komai, miliyoyi ne. Feshinsa aikin gwamnati ne, ku matsa mata ta hanyar ƙungiyarku tun kafin ya sauka. Na agwagi kuwa kwanakin farko bayan shuka ne masu haɗari. Idan maƙwabta suka haɗa lokacin shuka, aka yi gadi na karɓa-karɓa da gwangwani da igiya, ɓarnar takan rarrabu ta yi sauƙi, wanda kuma ya yi dashe maimakon watsi ya fi tsira. Gubar kuwa a ruwan gonarka za ta zauna, ɗanka ne zai shiga ciki ba takalmi.

(Wani daga cikin mafarauta ya ce sun taɓa kai rahoto, aka kama mutum, washegari suka gan shi a kasuwa, har ya san wanda ya kai ƙararsa.)

Wannan ita ce tambayar da nake tsoro, don yana faruwa, kuma wanda ya tona sunan mai kai rahoto ya fi mai gubar laifi a wurina. Abin da zan ce, kada mutum ɗaya ya ƙara ɗaukar wannan kaya shi kaɗai. Ku kai da sunan ƙungiyar mafarauta, a rubuce, da hatimin Sarkin Baka, a yi kwafi uku: ɗaya ga ofishin da abin ya shafa, ɗaya ga Hakimi, ɗaya ku ajiye. Mutum yana iya yin gaba da Malam wane, amma ba zai yi gaba da mafarautan gunduma gaba ɗaya ba. Idan aka sake sakin wani ba tare da an kai shi kotu ba, takarda ta gaba ta wuce kan wannan ofishin zuwa na sama da shi, da kwafin ta farkon a manne, da ranar da aka kama da ranar da aka saki. Ranka ya daɗe, ga shi a gabanka suka faɗa, kuma na ga magatakarda yana rubutawa. Sarkin Baka, idan an tashi ku tsaya mu tsara yadda takardar za ta kasance, akwai ɗalibai biyu a nan da suka ce za su buga muku ita a kwamfuta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.